Jan Biro

Ran ashirin da tara ga wata
wayata na kan tebur, fuskarta a sama,
hannuna na allo, kunnena na wajenta.
Ta yi ƙara. Aji ya yi tsit, har su Barira 'yan baya.
Ba alat ba ne. Kamfanin layi ne ke tallar data.

Shekara goma sha bakwai ina shaƙar alli
a ajin da aka gina wa arba'in, muke tamanin da uku.
Mataki na tara, in ji takarda.
Matakin bai hau da ni ko'ina ba,
daga Tudun Jukun ne zuwa Ƙofar Doka, in juyo.
Kuɗin keke ya ninka sau uku,
albashi na nan kamar ganuwar birni,
ba ta ƙaruwa, sai zaizaya duk damina.
Takardar ƙarin girma ta zo tun bara waccan,
girman ya iso, kuɗin wai yana hanya.

In ya shigo, kwana huɗu yake yi, baƙon biki:
mai gidan haya ya ɗebi nasa,
'yan wuta su karɓi kuɗin duhu,
adashin ɗakin malamai, maganin hawan jinin Inna.
Abin da ya rage, yaron firamare ma ya ƙirga.

Malama Ladidi ta ce in gode Allah.
Ita makarantar kuɗi take, can Samaru,
mai sabon fenti da motar kwasar yara.
Watan hutu ba a san da ita ba,
makarar minti biyar, a zabge ɗari biyar,
darasi uku a kanta, har da wanda ba ta karanta ba.
Malam Isiyaku na Kimiyya kuwa, bayan la'asar
yana kan babur, hula ta ci rabin fuska.
Shekaranjiya ya ɗauko ɗalibinsa daga Kwangila.
Yaron ya sauka, ya rusuna,
ya miƙa kuɗi da hannu biyu.
Ba wanda ya kalli wani.

Ni asirina yana shagon Tanimu.
Tanimu na bakin taga, aji biyar, shekarun baya,
wanda na zana wa sha tara bisa ɗari,
na ƙara a ƙasa: Ba ya mai da hankali.
Yau shi ke da littafi, ni ke da shafi.
Masara tiya biyu, man gyaɗa kwalba,
sukari gwangwani, sabulu, maganin sauro.
Ina shiga zai miƙe tsaye, "Malam, sannu da aiki."
Bai taɓa ce min yaushe ba.
Sai dai ya juyo littafin ya fuskance ni,
"A duba min, ko na yi kure."

Nakan duba. Wallahi nakan duba,
layi bayan layi, kamar takardar jarrabawa,
ina neman inda ya manta ɗayan da ya ajiye,
ko sifiri guda da ya ɓace masa a hanya.
Babu.
Tarawa daidai. Ɗebewa daidai,
ko da yake ɗebewar ba ta da yawa.

"Tanimu, ina ka koyi wannan?"
Ya sosa ƙeya. "Wajenku mana, Malam."

Ana kiran magariba, leda na hannuna.
Na taɓa aljihun gaba, jan biron na nan.
Na so in ciro shi
in ja masa ɗari bisa ɗari a ƙasan shafin,
in sa hannu, in sa kwanan wata,
sai idona ya faɗa layi na shida:
biro ja, guda ɗaya, ba a biya ba.